Kumbon Da Ke Kewaya Wurin Da Babu Kome

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, kowa ya san Wata yana kewaya Duniya, Duniya kuma tana kewaya Rana. Wannan ko yaron aji uku ka tambaya zai gaya maka. Abin da ya sa ba mu ganin wuyarsa shi ne, a tsakiyar kowace kewaya akwai wani ƙaton abu mai ja. To, amma a yau akwai kumbuna a sama waɗanda ke kewaya wurin da babu kome, ba dutse, ba ƙura, ba ko turke. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne madubin hangen taurarin nan mai suna James Webb. An harba shi ran 25 ga Disamba, 2021, daga Kuru, a ƙasar Giyana ta Faransa, can Amurka ta Kudu. Ya kai wurin aikinsa ran 24 ga Janairu, 2022, nisan kamar kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan, watau wajen ninki huɗu na nisan Wata.

In ka tambayi yawancin mutane abin da ke riƙe da shi can, sai su ce ai an ajiye shi ne inda jan Rana da jan Duniya suka zo daidai, suka kashe juna. Maganar tana da daɗin ji, tana da saukin tunawa, amma ba haka abin ya ke ba. Mu kuwa gobe za mu tsaya gaban allo, abin da muka faɗa yara arba'in su ɗauka su tafi da shi har tsufansu. Saboda haka na ga ya kamata in ɗan warware zancen a wannan shafi, da lissafin da bai fi ƙarfin alli da allo ba.

Doka Biyu

Sai mu fara tuna doka biyu daga cikin waɗanda Isaac Newton na Ingila ya bayyana a 1687. Ta fari, kowane abu yana jan ɗan'uwansa. Gwargwadon nauyin abu, gwargwadon ƙarfin jansa. In nisa ya ƙaru kuma jan ya kan ragu da sauri: in ka ninka nisa sau biyu, jan ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in ka ninka sau uku, ya koma ɗaya cikin tara.

Ta biyu, abin da ke tafiya ba ya son kome sai ya miƙe sak. In kana so ya yi kewaya, tilas a sami abin da zai riƙa jansa zuwa tsakiya kullum. Duk wanda ya taɓa koran tsuntsaye a gona da majajjawa ya san wannan da hannunsa. Muddin kana wulwula ta, igiya tana jan dutsen zuwa wajenka. Ka saki, sai ya miƙe ya tafi abinsa. In kuwa ka ƙara tsawon igiya, kana kuma so dutsen ya riƙa cika zagayensa cikin lokacin da ya ke yi da, sai ka ƙara ƙarfin riƙo.

Ka ga ke nan, da jan Rana da na Duniya sun kashe juna a kan kumbo, da ya zama dutsen da aka saki. Sai ya miƙe, Duniya ta lanƙwasa ta bi hanyarta, su rabu. Lalle akwai wurin da jan biyun suka zo daidai, a tsakanin Duniya da Rana, kamar kilomita 260,000 daga nan. Bai ma kai nisan Wata ba, wanda ya ke kilomita 384,000. Amma ba kumbon da zai iya zama can, kuma ba can Webb ya ke ba.

Lissafin Zango

Ga ainihin matsalar. Duk abin da ya fi kusa da Rana ya fi saurin gama zagayensa. Zara ta kan gama nata cikin kwana 225, Duniya cikin 365, jar duniyar nan Mirrihi kuwa sai ta yi 687. In ka sa kumbo ya kewaya Rana a bayan Duniya kaɗan, ya kamata ya riƙa makara, kowace shekara muna ba shi rata. Masana kuwa suna son wurin da kumbo zai gama zagayen Rana cikin shekara ɗaya cif, kafaɗa da kafaɗa da mu.

Wani masanin lissafi mutumin Suwizalan, Leonhard Euler, ya gano irin waɗannan wurare guda uku. A 1772 kuma Joseph-Louis Lagrange, haifaffen Turin ta Italiya, ya ƙara biyu, suka zama biyar. Da harafin farko na sunansa a ke kiransu, L1 har zuwa L5. Ni zan kira su zanguna, ko da ya ke ba rijiya, ba inuwa, kuma su kansu tafiya su ke tare da Duniya. L1 yana tsakaninmu da Rana. L2 yana bayanmu, wajen da dare ke fuskanta, shi ne zangon Webb. L3 yana can bayan Rana, inda ba mu iya gani. L4 da L5 suna kan hanyar Duniya, ɗaya a gabanta, ɗaya a bayanta.

To, ɗauki alli. Daga nan zuwa Rana kamar kilomita miliyan 150 ne. Mu sa wa jan da Rana ke yi a daidai wannan nisa lamba 100. Jan da a ke bukata don a kewaya cikin shekara ɗaya a wannan nisa shi ma 100 ne, shi ya sa Duniya ke zaune lafiya kan hanyarta.

L2 ya fi mu nisa daga Rana da kashi ɗaya cikin ɗari. Tun da igiya ta ƙara tsawo, bukata ta hau, ta zama 101. Jan Rana kuwa ya sauka, ya zama 98. Saura 3 ke nan. Da ba Duniya, da kumbon ya riƙa makara da fiye da kwana biyar kowace shekara. Amma Duniya tana nan a gabansa, kan layi ɗaya da Rana, jan da ta ke yi masa daga wannan nisa kuwa 3 ne daidai. 98 da 3 sun ba mu 101.

A L1 kuma sai abin ya juya. Igiya ta gajarta, bukata 99 ce. Jan Rana ya hau zuwa 102, ya yi yawa da 3. Duniya tana bayan kumbon tana jansa baya da 3. A ɗebe 3 daga 102, saura 99.

Dubi lambobin nan da kyau. A L2 Rana da Duniya ba kokawa su ke ba, gefe ɗaya su ke ja, kamar shanu biyu a garma. Jan Rana kuma ya fi na Duniya sau talatin da wani abu. Daidaiton da a ke magana ba tsakanin Rana da Duniya ya ke ba. Tsakanin jan da kumbo ya samu ne da jan da ya ke bukata. Kumbon Rana ya ke kewayawa, da gudun kamar kilomita 30 cikin sakan ɗaya. Mu ne mu ke ganinsa kamar tsaye, don tafiyarmu ɗaya.

Sirdi

Yanzu me zai faru in kumbo ya goce kaɗan daga zango? Amsar ta dogara ga wajen da ya goce.

A ce ya goce daga L2 ya ƙara nisa. Jan Rana ya ragu, jan Duniya ya ragu, bukata kuwa ta ƙaru. Abin da ya samu bai ishe shi ba, sai ya ƙara zamewa waje, kome ya ƙara lalacewa. A ce kuma ya matso wajen Duniya. Janta ya ƙaru, ya wuce bukata, sai ya ƙara matsowa. A kan wannan layi, duk inda ya goce, gucewar ce ke haifar wata gucewa. Kusa da zango kuskure ya kan ninka kansa cikin kamar kwana 16. Ba yaranka wannan lissafi su yi: kuskuren kilomita ɗaya, bayan ninki goma, watau kwana 160, ya haura kilomita dubu. Bayan ninki ashirin ya haura miliyan. Shekara ba ta cika ba kumbo ya ɓata.

Amma a ce ya goce a gicciye, ya hau bisa layin ko ya sauka ƙarƙashinsa. Yanzu jan Duniya da na Rana duk sun karkata, suna neman su mai da shi kan layi. A nan akwai abin mamaki. Ko da ya ke jan Rana ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, Duniya ce ta fi yin wannan aiki. Ɗaura igiya biyu a jikin kujera, ɗaya gajera ɗaya doguwa ƙwarai, ka miƙe su waje ɗaya, sa'an nan ka ja kujerar gefe taki ɗaya. Gajerar za ta karkata sosai, doguwar kuwa da ƙyar za ka ga ta motsa. Igiyar Rana ta fi ta Duniya tsawo sau ɗari. Saboda haka raba 98 da ɗari, ka sami kusan 1, ka gwada da 3 na Duniya. Watau wajen komar da kumbo kan layi, Duniya ta yi uku, Rana ta yi ɗaya. Kumbon ya dawo, ya zarce, ya sake dawowa, kamar lilo. Lilon nan ya kan cika zuwa da dawowa cikin kamar wata shida.

Wurin da ya ke haka, ta wata fuska kwari, ta wata fuska tudu, ba abin da ya yi kama da shi kamar sirdi. Aza ƙwallon goruba a tsakiyar sirdi. In ka tura shi gaba ko baya, ya hau ya gangaro. In ka tura shi dama ko hagun, ya faɗi ƙasa. L1 da L2 da L3 duk sirdi ne, gefen da a ke faɗowa kuwa shi ne wajen Rana da kishiyarsa.

Saura abu ɗaya kafin kewayar ta cika. A filin tsere kowa ya san mai layin ciki ya fi mai layin waje saurin shan kwana. Haka kumbo: in ya matsa wajen Rana sai ya riƙa shiga gaban Duniya, in ya matsa waje sai ya riƙa komawa baya. Mu da ke kallo daga Duniya mai kewayawa, sai mu ga kamar wani hannu ne ke karkata shi gefe duk sa'ad da ya motsa. Wani Bafaranshe mai suna Coriolis ya yi bayanin wannan a 1835, a kan kira abin da sunansa. In aka saki kumbo a wurin da ya dace, da gudun da ya dace, wannan karkatarwa ita ke lanƙwasa shi ta hana shi gangarewa gefen sirdi, ta haɗu da lilon nan, hanyarsa ta zama zagaye. Haka ya ke kewaya wurin da babu kome. Ba zangon ke jansa ba. Rana da Duniya ne, daga nesa.

Ina roƙon 'yan'uwa su lura da wannan. In kun buɗe manyan littattafai za ku iske sun lissafa wani ƙarfi mai tura kumbo waje, da kuma na Coriolis. Waɗannan biyu ba wani abu ke yin su ba. Irin abin da fasinja ke ji ne in mota ta sha kwana, ya ga kamar an tura shi jikin ƙofa, alhali kuwa jikinsa ne ke son miƙewa, mota ta lanƙwasa. Masana sun sa su cikin lissafi ne don su sami damar zana Rana da Duniya kamar suna tsaye a kan takarda.

Don Me Ba A Zauna Kan Zangon Ba?

Dalili na fari, inuwa. L2 yana bayan Duniya sak, inda ta ke tare wani sashi na hasken Rana, Webb kuwa da hasken Rana ya ke samun lantarki. Saboda haka aka ba shi zagaye mai faɗi, nisansa da zango yana kaiwa daga kamar kilomita 250,000 zuwa fiye da 800,000, don kada inuwar Duniya ko ta Wata ta taɓa shi. Ya kan gama zagayen cikin kamar wata shida. A L1 kuma wata matsala ce. Da kumbo ya zauna kan zango, da duk mai son sauraronsa daga ƙasa sai ya fuskanci tsakiyar Rana, ƙarar da Rana ke yi a rediyo ta danne muryarsa. Ban da haka, shiga babban zagaye ya fi shiga ƙarami araha wajen mai.

Wani Ba'amurke, Robert Farquhar, shi ya yi ta aiki kan irin wannan zagaye tun wajen 1966. Kumbon da ya fara binsa, ISEE-3, an harba shi a 1978 zuwa L1. Bayansa aka aika SOHO a 1995, ya yi fiye da shekara 25 yana duban Rana dare da rana. Indiya ta kai nata, Aditya-L1, cikin Janairu, 2024. Duniya da Wata su ma suna da nasu zanguna biyar. A 2018 ƙasar Sin ta aika kumbo ya kewaya wanda ke bayan Wata, ta bakinsa aka riƙa jin labarin na'urar da ta sauka a bayan Wata cikin Janairu, 2019.

Ƙananan Masu Ja Da Turi

Da Rana da Duniya kaɗai ne, da lissafi ya yi sauƙi. Amma ga Wata, wanda nauyinsa kashi ɗaya ne cikin 81 na Duniya, kullum yana sake wuri. Ga sauran duniyoyi da ɗan nasu ja. Hanyar Duniya kanta ba cikakken zobe ba ce: cikin Janairu muna kamar kilomita miliyan 147 daga Rana, cikin Yuli 152, saboda haka zangon kansa ya kan matsa.

Sa'an nan ga hasken Rana, wanda ke tura duk abin da ya faɗa wa. Turin kaɗan ne ƙwarai. Da za a shimfiɗa madubi girman filin ƙwallo a fuskantar da shi Rana, duk turin bai wuce nauyin giram bakwai ba. Amma da yayyafi kogi kan cika. Webb yana ɗauke da laima mai rufi biyar, tsawonta kamar mita 21, faɗinta 14, haske kuwa ba ya fasa turinta ko na sakan ɗaya. Yana ture kumbon daga hanya, yana kuma neman murɗa shi. A cikinsa akwai ƙafafu masu juyawa da ke shanye murɗawar, in gudunsu ya yi yawa sai a hura wuta kaɗan a rage musu.

Ƙarfi na ƙarshe shi ne na ɗan'adam, watau injin kumbon. An tsara a riƙa gyara wa Webb hanya kamar kowane mako uku, yadda mai tsai da sanda a tafin hannu ba ya barin hannunsa ya huta. Gyaran shekara guda in an tara bai wuce canjin gudu na mita 2 zuwa 4 cikin sakan ba, watau sassarfar mutum.

A nan haɗarin ya ke. Madubin Webb, mai faɗin mita 6.5, dole ya zauna cikin sanyin da ya wuce digiri 220 ƙasa da sifiri, don ya iya ganin ɗumin taurari masu nisa. Bakunan wutarsa suna ɓangaren da ke duban Rana, saboda haka suna iya tura shi nesa da Rana, ba su iya komo da shi. Juyawa kuwa ba dama, in Rana ta haska madubin da na'urorinsa sun lalace. Kamar mai tura amalanke ne a hawan tudu, wanda ba shi da igiyar jawowa. Muddin amalanke yana wannan gefe, in ya gangaro sai a ƙara tura shi. Ran da ya haye ƙoli ya gangara wancan gefe, sai kallo. Don haka kullum a kan bar Webb ɗan ƙasa da ƙoli, wajen Rana. Ko rokar da ta ɗauke shi, Ariane 5, da gangan aka sa ta ba shi gudu ɗan ƙasa da bukata, ya cika sauran da kansa.

Madubin Hubble, da ya ke kusa da Duniya, sau biyar 'yan sama jannati suka je gyaransa tsakanin 1993 da 2009. Webb ya ci wajen dala miliyan dubu goma, ba kuwa wanda ya taɓa zuwa ko kusa da inda ya ke. Ransa yana cikin tankinsa. An yi shirin ya yi shekara biyar zuwa goma, amma da ya ke harbin ya yi daidai ƙwarai, hukumar NASA ta ce man zai kai kamar shekara ashirin. Kumbon da ya gama aiki kuwa ba a barinsa ya gangara inda ya ga dama. Gaia, na ƙasashen Turai, wanda aka harba a 2013 ya zauna L2 yana auna taurari, cikin Maris, 2025, aka tura shi ya bar zangon, ya shiga kewaya Rana shi kaɗai, sa'an nan aka kashe shi.

L4 da L5 dabam su ke. Abin da ya goce daga can, karkatarwar Coriolis ta kan juyo da shi ya yi ta yawo kewayen zango, ba mai, ba direba. A irin waɗannan zanguna na Mushtari, babba cikin duniyoyi, duwatsu dubbai sun taru. Wani Bajamushe, Max Wolf, ya ga na farkonsu a 1906, shekara 134 bayan Lagrange ya nuna wurin da alƙalami kawai.

Ga Mai Shiga Aji

Duk wannan darasi ba ya bukatar kayan da za a yi odarsu. Dutse da igiya sun isa nuna doka ta biyu. Ganye mai lanƙwasa ko guntun kwali da aka murɗa ya isa sirdi. Don karkatarwar Coriolis, yanke kwali kamar faifai, ka soke tsakiyarsa da ƙusa. Yaro ɗaya ya riƙa juya shi, wani ya riƙe rula a tsaye bisansa ya ja layi da fensir daga tsakiya zuwa baki. Hannunsa ya miƙe sak, amma layin zai fito a lanƙwashe. Ka bar su su yi gardama a kan wanda ya lanƙwasa shi kafin ka sa baki. Lambobin nan kuma, 98 da 3 da 101, ka rubuta su, ka bar yara su gano na L1 da kansu.

Zan rufe da tambaya ga duk wanda ya biyo ni har nan. Na ce wurin da jan Rana da na Duniya suka zo daidai bai kai nisan Wata ba. Ashe ke nan Rana ta fi Duniya jan Wata, kuma haka ne, ta fi ta fiye da sau biyu. To, me ya hana Rana ƙwace mana Wata? Amsar tana cikin abin da muka riga muka faɗa. Wanda ya same ta ya rubuto wa Edita, mu gani a fitowa ta gaba.